Tsakiya, Lantana da Yaƙutu: Tarihin Gogaggen Dutse a Kasuwar Kano

Tsofaffin matan birnin Kano sun san tsakiya, jan dutsen nan mai sheƙi da ake hudawa a zura wa zare, a rataya a wuya ko a ɗaura a ƙugu. Ana gadonta tare da tasoshi da murjani, kuma a da, in gida ya shiga matsi, tana cikin kayan farko da ake miƙa wa dillaliya. Sai dai wanda ya hau Dala ko Goron Dutse ba zai ga irin wannan dutse ba. Abin da ke can marmara ce mai gautsi, wadda ko an kwana ana gurza ta ba za ta yi ƙyalli ba. Tsakiya baƙuwa ce. Wani ne ya haƙo ta a wata ƙasa, wani ya gasa ta, ya fasa, ya gurza, ya huda, kafin ta biyo ayari. Hannun Bahaushe ya daɗe a kan dutsen ado, amma wajen saye da sayarwa ne; dutsen gogin kuwa kusan kullum yana wani gari.

Gogin dutse ya girmi ƙira. Manoma a ƙasar Hausa kan tono wani ɗan dutse sumul, mai baki kamar na gatari, kuma abin da ake cewa tun kaka da kakanni shi ne gatarin aradu ne, tsawa ce ke jefo shi daga sama. Wannan faɗar mutane ke nan. Masu binciken kufai kuwa sun tabbatar aikin hannu ne na mutanen da suka rayu kafin a san tama, waɗanda ke zama bakin fa, su zuba ruwa da yashi, su yi ta gurzawa har baki ya fito. Dabarar ba ta sauya ba har yau: abu mai tauri ne ke cin wanda bai kai shi ba, ana farawa da gari mai kaushi, a gama da mai laushi. A kwarin Tilemsi, arewa da Gawo ta ƙasar Mali, an gano wuraren da ake fasa jan dutse ana huda shi wajen shekara 4,000 da suka wuce, lokacin da Sahara ba ta gama bushewa ba. A kudancin Jihar Kaduna kuma, mutum-mutumin yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara cin karo da su a 1928, wuyansu da ƙugunsu cike suke da jerin duwatsu, an kuma tono 'yan kayan ado na dutsen ƙanƙara a wuraren.

Babbar ma'aikatar tsakiya ta duniya a tarihi dai tana yankin Indiya. Tun wajen shekara 2,500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, masu sana'a a garin Canhudaro na kwarin Indus ke yin dogayen tsakiyoyi da suka kai har kaburburan sarakunan Ur a Iraƙi ta yau. Daga baya sana'ar ta tare a garin Kambai na yankin Gujarat. Ana haƙo dutsen a Ratanfur, kuma sa'ad da ya fito daga rami ba ja ba ne, fatsi-fatsi yake. Sai a shanya shi a rana, a cusa a tukwanen ƙasa a gasa. Ƙarfen da ke cikinsa ne zafi ke mayarwa ja. Mai fasawa ya kafa tsinin ƙarfe a ƙasa, ya jingina dutsen a kai, ya riƙa ƙwanƙwasawa da 'yar gudumar ƙahon ɓauna. Mai hudawa yana aiki da baka da tsinke mai ɓarɓashin daimon a baki. Gogin ƙarshe kuma a cikin salkar fata ake yinsa: a zuba duwatsun da garin gogi da ruwa, a ɗaure, a yi kwana da kwanaki ana mirgina ta.

Yaushe irin wannan kaya ya iso nan? Kaburbura sun ba da amsa tun kafin littattafai. A Igbo-Ukwu, can kudu maso gabashin Nijeriya, mai binciken kufai Thurstan Shaw ya tono duwatsun wuya sama da 165,000 a tonon da ya yi a 1959 zuwa 1960 da kuma 1964. Yawancinsu gilashi ne, amma da tsakiya a ciki, kuma kayan na ƙarni na 9 ne zuwa na 10. Mafi kusa da gida shi ne Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani ta Katsina. Labarin baka na cewa tuddan nan kaburburan sarakunan Durɓawa ne, masu mulki kafin gidan Korau. Wani jami'in mulkin mallaka mai suna Palmer ya tona wasu a 1907, aka sake tona uku a 1992. Abin da ƙasa ta nuna shi ne manyan mutane da aka binne tsakanin ƙarni na 13 da na 16, da zinariya, da hauren giwa, da wuri, da tasar tagulla irin ta Masar, da tsakiya. Sunayen sarakunan na bakin masu ba da labari ne. Kayan kuwa ga su a hannu. Masana na ganin wata tsakiyar daga Indiya ta zo, wata kuma daga cikin Sahara, wato hanyoyin biyu duk sun yi aiki.

Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta a ƙarshen ƙarni na 19 daga abin da aka gada a baka, ya fi damuwa da yaƙi da dawaki da goro da gishiri, amma ya nuna yadda hanyoyi suka buɗe: zuwan Wangarawa a zamanin Yaji, 1349 zuwa 1385, hanyar Gwanja a zamanin Abdullahi Burja, 1438 zuwa 1452, kafa Kasuwar Kurmi a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Shaidar gani da ido sai a 1824, zamanin Ibrahim Dabo, da Bature matafiyi Clapperton ya zaga Kurmi ya lissafa duwatsun wuya na gilashi da murjani a cikin hajar 'yan koli. Wani matafiyin, Barth, wanda ya zo a 1851, ya tarar duwatsun Turai na shigowa da yawa ta hannun Larabawan Tarabulus da Gadamas.

Amma labarin da ya fi nuna inda Bahaushe ya tsaya a wannan sana'a shi ne na lantana. Jan dutse ne, duhunsa ya fi na tsakiya, haske ba ya ratsa shi. Ana haƙo shi a wani wuri da ake kira Litingo, a yankin Kogin Kwara na yammacin Jamhuriyar Nijar ta yau. Fataken Hausa ne ke sayo shi ɗanye, su loda a jirgin ruwa, su gangaro har Jabba, daga nan a ɗauka a ka. Masu aikinsa kuwa Yarbawa ne na tsohuwar Oyo, wadda Hausawa ke kira Katunga. Da daular ta rushe a tsakiyar shekarun 1830, masu sana'ar suka koma Ilori, wadda a lokacin ta riga ta zama masarauta a ƙarƙashin Gwandu, suka kafa gidajen aikinsu a can.

Wani jami'in mulkin mallaka mai suna Daniel ya bayyana aikin a 1937. Mai sana'a kan fasa dutsen da ƙaramar kurfi ya fitar da siffa, sannan ya kafa siririn tsinken ƙarfe a kai, yana murza shi da yatsu yana bubbuga shi da 'yar guduma. Babu baka, babu daimon, bugu ne kawai ɗaya bayan ɗaya. In ya kai rabi sai ya juya ya faro daga ɗaya gefen, kuma gwaninta ita ce ramukan biyu su haɗu ba tare da dutsen ya tsage ba. Bayan haka a gurza a kan dutse da ruwa, a goge a kan allon katako har sheƙi ya fito. Manyan masu saye suna kudu: sarakunan Yarbawa da fadar Oba na Binin, inda jan dutse ke cikin kayan sarauta. Ke nan dutse ya fito daga arewa, Bahaushe ya kawo, Bayarbe ya goge, sarkin kurmi ya sa. Falke ya ci ribar tafiya, kuma ba laifi ba ne. A wancan zamani tafiyar ita ce abu mai wuya, ga 'yan fashi ga kuɗin fito. Amma sirrin hudawa da gogewa bai biyo shi gida ba.

A daidai lokacin da Ilori ke tashe, wani ƙaramin gari a Jamus yana shirin cinye kasuwar. Idar-Obastain yana da nasa dutsen, kuma tun ƙarni na 16 ake da gidajen gogi a bakin rafukansa. Ruwa ne ke juya manya-manyan fayafayan dutse, ma'aikaci ya kwanta rub da ciki a kan benci, ya tokare ƙafa, ya danna dutsen a jikin faifan da duk ƙarfinsa. A farkon ƙarni na 19 ramukansu suka fara ƙarewa, talauci ya kori mutane da yawa zuwa Birazil. Can kuwa, a 1827, wasu daga cikinsu suka yi kiciɓis da irin dutsen nan birjik a jihar Riyo Girande do Sul, kuma a 1834 kayan farko suka isa Jamus. Dutsen Birazil toka-toka ne, amma yana shan rini. Jamusawa suka ƙware wajen jiƙa shi a ruwan sukari ko zuma su dafa da asid ya koma baƙi, ko su jiƙa shi a ruwan ƙarfe su gasa ya koma ja. Suka nemo samfurin abin da mutanen Afirka ke so, har da talhatana, mai siffar zobe da tsini wadda matan Buzaye ke ratayawa a wuya ko a gashi, suka yi ta kwaikwayo. Miliyoyi suka shigo, ta Alƙahira da Tarabulus, daga baya ta bakin teku. Tsakiya da yawa da ake tsammani daga Gabas ta zo, a bakin wani rafin Jamus aka goge ta.

A Fabrairun 1903 sojojin Ingila suka ci Kano, Sarki Alu yana Sakkwato, aka naɗa Abbas. Turawa suka zauna a bayan ganuwa, ta wajen Nassarawa, inda sarki ke da gidan shaƙatawa, kuma daga wannan zama ne unguwar da ake kira Nassarawa GRA ta samo asali. A nan Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a 1909.  Cikin makarantun Vischer har da ta sana'a, inda aka sa wa dukanci da ƙira da sassaƙa da ɗinki ido, wato sana'o'in da birnin ya riga ya iya da waɗanda sabuwar gwamnati ke bukata.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ayarin raƙuma ya fara ja da baya. Kaya suka koma zuwa ta Ikko, kantunan Turawa da na Kwarori suka cika da duwatsun gilashi na Bohimiya, waɗanda aka zuba a ma'auni aka yi musu launin tsakiya da murjani, ana sayar da su a kan kuɗi kaɗan. Mace mai ido tana gane na gaske da sanyinsa da nauyinsa a tafin hannu, amma ba kowa ke da kuɗin na gaske ba. Ilori ce ta fi jin jiki. A farkon shekarun 1920 masu aikin lantana ɗaruruwa ne. Zuwa tsakiyar shekarun 1930 'yan tsiraru suka rage. Mai bubbuga tsinke da guduma ba zai yi tsere da ma'aikata ba. Kambai kuwa ta tsira, kuma aikin Hajji na cikin abin da ya rufa mata asiri: Arkell, wani jami'in Ingila da ya yi aiki a Darfur, ya bi sawun tsakiyar kasuwannin Sudan a wani rubutu na 1936, ya nuna daga Kambai take zuwa ƙasar Larabawa, alhazai da fatake su yo yamma da ita.

Daga ƙarshen shekarun 1960 ruwa ya juya. Samarin Amurka da Turai suka kamu da son tsofaffin duwatsun Afirka, fataken Hausa da na Gambiya da Mali suka bazu ƙauyuka suna saye a hannun tsofaffi. Abin da ya shigo a kan raƙumi ya fita a jirgin sama. Masu baje kayan tarihi a ƙofar otal-otal na Bompai da Nassarawa suna cikin wannan sarƙa, haka ma Hausawan Abijan, kuma har yau 'yan Afirka ta Yamma na kai irin wannan haja bajekolin duwatsu na Tusan a jihar Arizona, wanda aka fara a 1955.

Sai ga shi ƙasar da ta shekara ɗaruruwa tana sayen dutse daga waje ashe a kan dutse take zaune. Mutanen Riruwai, a ƙaramar hukumar Doguwa ta Jihar Kano, sun san narka kuza tun kafin zuwan Bature, kuma tsaunukan da ke ba da kuza daga can har Jos su ne ke ɗauke da tofaz da sauran duwatsu masu ƙyalli. Kamfanonin Turawa kuza suke nema, sauran tsakuwa ce a wurinsu. A Oktoban 1985 farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya, a 1986 gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu, Naira ta karye. Dubban mutanen da suka iya haƙa suka rasa aiki a daidai lokacin da duk abin da za a sayar da dala ya zama zinariya. Aka yi rububin shuɗin yaƙutu a Nisama ta ƙasar Jama'a, da zumurrudu da akwamarin a wajen Gwantu da Nassarawa Eggon, da turmalin a Keffi. A ƙarshen shekarun 1990 jan turmalin da ganet mai ruwan lemo suka ɓulla a Jihar Oyo, a wajen 2014 kuma yaƙutun Mambila ta Jihar Taraba ya ja hankalin dillalan duniya. Kasuwa ta kafu a Jos da unguwar Ojo ta Badun, Hausawa da 'yan Senegal da Mali da Gini na cinikin ɗanyen dutse a kan gram. Daga nan sai Bankok, ko Jaifur, ko Idar-Obastain ɗin nan dai, inda ake yanka shi a fitar da fuskoki, kuɗinsa ya ninka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. An kafa ma'aikatar ma'adinai ta tarayya a 1995, aka yi sabuwar dokar haƙa a 2007, aka kuma buɗe sashen koyar da yankan dutse a cibiyar nazarin ma'adinai ta Jos, amma har yanzu mafi yawan dutsen ɗanye yake fita.

A wasu ƙasashe kuwa sana'ar ta sauko daga ma'aikata ta shiga gidajen mutane, ta zama abin sha'awa na ranar hutu. Abu biyu suka jawo haka: garin gogi na kabarandam, wanda Edward Acheson ya haɗa a 1891, mai taurin da ya kusa na daimon kuma mai araha, da ƙaramin injin lantarki. A 1947 aka kafa tarayyar ƙungiyoyin masu sha'awar duwatsu ta Amurka, a shekarar kuma mujallar Lapidary Journal ta fara fitowa. Da aka iya haɗa daimon a ma'aikata a tsakiyar shekarun 1950, zarto mai bakin daimon ya zo hannun malamin makaranta da ɗan fansho.

A cikin masu wannan sha'awa, masu mulmula dutse ya zama ƙwallo jama'a ce ta daban, don aikin ba ya ɓoye kuskure. Ana fara yanka dutsen ya zama mai fuska shida daidai wa daida, a sare kusurwoyi da gefuna, a sake sare sababbin da suka fito, har ya kusa zama dunƙule. A rage tudun da ya saura a jikin faifai. Sannan a sa shi tsakanin kofuna uku na ƙarfe, kowanne da injinsa, suna juyawa suna matse shi ta ɓangare uku, shi kuma yana ta wulwulawa ba tsari, kamar dawo a tafin mai fura, ana ɗiga masa ruwa da garin gogi. Duk inda ya yi tudu nan kofi ke ci. Ana farawa da gari lamba 60 ko 80, a koma 220, a koma 600, a gama da garin sheƙi a kan fata ko tsumma. Tsakanin mataki da mataki dole a wanke komai tas, domin ƙwayar gari mai kaushi guda ɗaya in ta maƙale za ta zana layi ta mayar da aiki baya. Taurin dutse ke yanke tsawon aikin: a ma'aunin tauri na Mohs na 1812, mabul 3 ne, ƙanƙara da tsakiya wajen 7, tofaz 8, yaƙutu 9, daimon 10. Wanda ake kafa misali da shi yana gidan tarihi na Smithsonian a Washintan: ƙwallon ƙanƙara garai-garai mai nauyin kilo 48 da ɗoriya, wanda aka goge a ƙasar Sin a shekarun 1920. Mutanen Kosta Rika na dā kuwa, ba inji ba ƙarfe, sun bar ƙwallayen dutse sama da 300, wasu faɗinsu ya haura mita 2, da sassaƙa da yashi kawai.

Kayan wannan aiki ba baƙi ba ne a Kano. Duk inda ake sabon gini a Nassarawa GRA za a ji kukan injin yankan tayil, a ga masu goge tarazo da masu daidaita giranit na kicin da matakala, da fayafayan daimon iri-iri daga mai kaushi zuwa mai laushi. Hannun da ke fitar da sheƙi a daɓe ya riga ya san rabin karatun. Ɗanyen kaya ma akwai: a ramukan turmalin da akwamarin, dillali ɗan ƙaramin dutse mai tsabta yake nema, manyan guntayen ƙanƙara fari da mai ruwan hoda kuwa, irin waɗanda mai mulmula ƙwallo ke so, galibi gefe ake tura su. Abin tsoron shi ne ƙura. Garin ƙanƙara in ya shiga huhu ba ya fita, kuma ciwon huhun da yake jawowa ya kashe masu gurza dutse a bushe da yawa a Kambai. Arewa ta ga irin wannan masifa ta wata fuskar a Zamfara a 2010, inda niƙa dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje ya hallaka yara wajen 400. Shi ya sa bai kamata mai gogi ya taɓa dutse ba sai da ruwa yana zuba.

Mulmulallen dutsen da Bakano ya fi riƙewa a yau shi ne ƙwayar carbi. Yawancin na kasuwa roba ne ko gilashi, amma na aƙiƙ, wato tsakiya, yana cikin tsarabar da alhazai ke nema a shagunan Makka da Madina, tare da zoben azurfa mai jan dutse. Masu shagon sukan ce daga Yaman yake, kuma lalle Yaman ta shahara da aƙiƙ tun dā. Kaya masu yawa dai daga Indiya suke da ƙasar Sin, inda ma'aikatun lardin Gwandon da gundumar Donghai ke sayen ɗanyen dutse daga Birazil da Madagaska da sauran ƙasashen Afirka, su mulmula shi da inji, su huda, su zura a zare talatin da uku-uku ko casa'in da tara-tara.